Daga Kano zuwa Maraɗi: Kwanciyar Majinyaci da Allurar Kashe Hannu

Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Katsina da Jibiya ta faɗa Maraɗi tsohuwar hanyar fatake ce, kuma har yau hatsi da dabbobi da 'yan kasuwa ba su daina kai-komo a kanta ba, sai dai tafiyar da za a bayyana a nan ba ta fatauci ba ce. Ta wasu ma'aikatan lafiya ce daga Kano, wato likita mai kula da sa barci da kashe zafi a ɗakin tiyata tare da ma'aikatan jinya biyu, mace da namiji, waɗanda takwarorinsu na wani asibiti a jihar Maraɗi suka gayyata cikin hunturu domin a yi musayar sani kan allurar kashe hannu. Abin da ake nufi da wannan allura shi ne a zuba maganin kashe zafi a gefen jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa hannu, ta yadda hannun zai mutu na wasu sa'o'i, a yi masa tiyata alhali mai shi yana farke, yana numfashi da kansa, har yana amsa tambaya. Jijiyoyin nan saiwoyi biyar ne da suka fito daga laka, huɗu daga wuya, ɗaya daga saman baya, suka sarƙe da juna, suka bi ta tsakanin wasu tsokoki biyu na gefen wuya, suka haye haƙarƙari na farko, suka kurɗa ta ƙarƙashin ƙashin wuya, wato ƙashin nan da ya miƙe daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, sannan suka rarrabu a hammata. Saboda haka wurare huɗu ne ake iya tarar su da allura, gefen wuya da saman ƙashin wuya da ƙarƙashinsa da hammata, kuma kowane wuri yana da irin kwanciyar da yake bukata daga majinyaci.

An tashi daga tashar Ƙofar Ruwa bayan sallar asuba, cikin irin motocin hayar nan da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, kuma dole ta sa tawagar ta biya kuɗin kujera guda domin akwatin kayan aiki, wanda ke ɗauke da ƙaramar na'urar sikanin da ake haɗawa da wayar hannu, da na'urar da ke zungurar jijiya da lantarki mai rauni domin a gane an kusance ta, da allurai na musamman. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, direbobi kuma suka daina ɗaga wa kowa ƙafa a kan kaya. Hanyar ta bi ta gefen kasuwar hatsi ta Dawanau, ta wuce Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanci, kimanin kilomita 170 zuwa Katsina, wani wuri kwalta lafiyayya, wani wuri ratse saboda aikin faɗaɗa titi, ga hazo ya rufe ko'ina har hantsi ya ɗaga. A cikin fasinjojin akwai wani saurayi da ya karye a sangalin hannu, an yi masa ɗori da karare an tamke da tsumma, yatsunsa sun kumbura sun soma sauya launi, kuma da likitan ya ba shi shawarar a sassauta ɗaurin ya nemi asibiti tun kafin jini ya daina kai wa yatsun, sai ya yi godiya cikin ladabi ya ce zai shaida wa babansa.

A Katsina aka karya da waina da miyar taushe, aka sauya mota zuwa Jibiya, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba amma take cin lokaci saboda yawan shingayen jami'an tsaro, kuma yankin ne da matsalar 'yan bindiga ta sa mai hankali ba ya barin la'asar ta riske shi a hanya. Daga nan ne ake hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairu 2021. Iyakar Magama, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake buɗe ta a watan Maris 2024, ba ta ɓata wa tawagar lokaci ba, an duba katin shaida da takardar gayyata, an buɗe akwatin an rufe, aka wuce. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne canjin kuɗi. Sefa tana ɗaure da Yuro a kan farashi tsayayye na 655.957, Naira kuwa tun da aka sake ta a 2023 ta yi ta zamewa, har sefa 1,000 da a da ake saya ƙasa da naira 1,000 ta haura naira 2,000 a 2024, don haka damin kuɗin da Bakano ya miƙa wa ɗan canji yakan dawo masa 'yan takardu ƙalilan. Ga kuma lissafin kasuwar can, inda ake ƙirga da dala, kowace dala sefa 5, sefa 1,000 kuma jika guda, abin da ya sa ma'aikacin jinyar ya yi ta lissafi da yatsu kafin ya biya kuɗin ruwan sha.

Bayan Ɗan Isa ƙasa ta soma buɗewa, gonakin gero da aka girbe sun miƙe har iyakar gani, jajayen awakin nan na Maraɗi da duniya ta san ingancin fatarsu suna kiwo a cikin kara. An wuce Danja, inda cibiyar kula da masu cutar kuturta ta daɗe, da lambunan Jiratawa masu zogale, aka shiga gari da azahar. Baƙo daga Katsina ba ya jin ya bar gida a Maraɗi, domin sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulki a nan bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin, harshen mutane Katsinanci ne, kuma garin da ake gani yanzu a kan tudu an dawo da shi ne bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945. Abin da Bakano zai fara lura da shi a titi shi ne baburan haya, waɗanda suke kira kabu-kabu, domin a Kano an hana acaɓa tun Janairu 2013, A Daidaita Sahu ta maye gurbinsa. Ga ma'aikacin ɗakin tiyata wannan bambanci yana da ma'ana, tun da wanda ya faɗo daga babur da tafin hannu yake tarar ƙasa, kuma wuyan hannu da sangali da ƙashin wuya su ne ke ɗaukar nauyin faɗuwar.

Masu masaukin ba su yarda baƙin su kwana a otel ba. An sauke mazan a gidan babban ma'aikacin sa barci na asibitin, dattijo mai yawan barkwanci da kowa ke kira Malam, aka kai macen ɗakin uwargidansa, aka tarbe su da fura mai nono da yaji, da dare kuma aka kawo tuwon gero miyar kuka da kwaɗon zogale da gasassun tattabaru, sannan aka zauna shayi na ƙaramar buta har zagaye uku. Da safe dogon burodin nan irin na Faransa ne da madara, maimakon ƙosai da koko da aka saba a Kano. Duk yunƙurin da baƙin suka yi na biyan wani abu ya ci tura, har kilishin da suka taya a kasuwa sai da Malam ya riga su miƙa kuɗin, yana cewa Naira ba ta da lafiya, a bar ta ta huta. Nama da nono sun fi na Kano auki idan aka auna da abin da mutumin garin ke samu, amma kayan kanti da suka tsallako iyaka sun fi tsada, man fetur kuwa, wanda Nijar ke tacewa a matatar Soraz kusa da Damagaram tun 2011, gwamnati ta rage shi zuwa sefa 499 kowace lita a watan Yuli 2024, kamar yadda ta sanar da rage kuɗin ganin likita da na tiyata da rabi a asibitocin gwamnati a watan Agusta na wannan shekara.

Gaisuwar shugabannin asibiti da jawaban maraba an gama su cikin safiya guda. Dalilin gayyatar a fili yake, domin ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla likitoci 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000, alhali Nijeriya da Nijar ko ɗaya ba su kai ba, saboda haka a ƙasashen biyu ma'aikatan jinya da aka horar su ne ke riƙe da mafi yawan aikin. Sa barci gaba ɗaya yana bukatar iskar oksijin da na'urar numfashi da wutar da ba ta yankewa, ga shi kafin juyin mulkin 2023 Nijar ta daɗe tana samun kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Nijeriya, ta kuma ɗanɗana kuɗarta da aka yanke shi a watan Agusta 2023. Allurar kashe hannu kuwa abin da take ci bai wuce mililita 20 zuwa 30 na magani ba, ko dai lidoken mai araha da ke aiki sa'o'i 2 zuwa 3, ko bufibaken mai ɗan tsada da ke iya kai sa'o'i 12, kuma majinyacin da aka yi wa ita ba ya farkawa da amai ko magagi.

Baƙin sun zo da tunanin cewa na'urar sikanin ce za ta zama abin kallo, kuma ta zama ɗin, amma abin da suka fi amfana da shi a ɗakin tiyatar nan shi ne tsananin kulawar masu masaukin wajen kwantar da majinyaci. Dalilin kuwa shi ne ma'aikatan nan da yatsa suka koyi aikin, suna laluben tsoka da ƙashi da bugun jijiyar jini kafin su soka allura, wanda kuma ya dogara da yatsa ya san cewa juyin kai kaɗan ko ɗagowar kafaɗa yana ɓatar masa da alamar da yake nema. Haka masu aza harsashin fannin suka yi aiki. A 1911 wani likitan Jamus mai suna Kulenkampff ya bayyana allurar saman ƙashin wuya yana zaunar da majinyaci a miƙe, bayan ya gwada ta a jikinsa, a wannan shekarar kuma Hirschel ya bayyana ta hammata, sai Alon Winnie na Amurka ya fito da ta gefen wuya a 1970. Na'ura daga baya ta shigo, da fari a Afirka ta Kudu a 1978 inda La Grange da abokan aikinsa suka yi amfani da sautin gudun jini wajen gano wurin, sannan Kapral da nasa abokan a Ostiriya suka nuna yin ta da hoton sikanin a 1994. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, sauƙin da hoto ya kawo ya sa wasu matasan ma'aikata suna ɗora na'ura a kan majinyaci yadda suka same shi, su yi ta kokawa da hoto mai duhu, alhali gyaran matashi ɗaya da zai fito musu da jijiyar fili.

Majinyaci na farko dattijo ne da za a yi wa aiki a kafaɗa, don haka allurar gefen wuya ce ta dace da shi. An kwantar da shi rigingine, aka ɗaga kan gadon kimanin digiri 30, aka janye matashi mai kauri aka sa siriri, aka miƙar da hannun a gefen jikinsa, aka ce ya miƙa yatsu wajen gwiwarsa domin kafaɗa ta sauka wuya ya buɗe. Wajen juya kai ne aka ga gwanintar Malam, domin bai tsaya bayanin digiri ba, cewa ya yi, "Baba, yi sallama hagu kamar ka idar da salla, amma rabi, kada ka kai ƙarshe." Wannan rabin shi ne abin nema, tun da juyin da ake so tsakanin digiri 30 ne zuwa 45, wanda ya wuce haka kuwa yana ɗame tsokokin wuya har ɗan kwarin da jijiyoyin ke ciki ya ɓace wa yatsa. Sannan aka ce ya ɗan ɗago kai daga matashi, babbar tsokar gefen wuya ta fito, Malam ya gangara da yatsa ta bayanta daidai saitin guringuntsin da ke ƙarƙashin zakaran wuya, da aka ɗora na'urar kuma sai ga jijiyoyin a jere a daidai inda yatsan nasa yake. Abin da baƙin suka ƙara shi ne a naɗe zani a cusa ƙarƙashin kafaɗar da za a yi wa aiki, domin mai shigo da allura daga baya ya sami sarari, hannunsa kada ya riƙa dungurin katifa.

Ɗaga kan gado a wannan allura yana da dalilin da ya wuce jin daɗin majinyaci. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wato faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, tana bi ta kan ɗaya daga cikin tsokokin nan biyu, kuma binciken da aka yi a Amurka a 1991 da 1992 ya nuna cewa da yawan maganin da aka saba zubawa tana mutuwa a kusan kowane majinyaci, ƙarfin huhu ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Lafiyayye ba ya cika jin haka, amma mai ƙiba ko mai asma ko wanda tarin fuka ya taɓa ci masa huhu zai ji numfashi ya yi masa nauyi idan yana kwance shame-shame, shi ya sa ake barin sa a kishingiɗe, ba a kuma taɓa yin allurar a ɓangarori biyu lokaci guda. Ana kuma gargaɗin majinyaci tun da wuri cewa muryarsa na iya dishewa, fatar ido ɗaya ta ɗan sauka, kuma duk za su wuce da wucewar maganin.

Na biyu ɗan kabu-kabu ne da ya zo da irin matsalar saurayin nan na motar Katsina bayan ta tsufa, karayar da aka ɗora a gida ta haɗe a karkace, kafaɗa da gwiwar hannu kuma sun sandare saboda daɗewa a ɗaure. Irin wannan ba ya iya ɗaga hannu, tilasta masa kuma azaba ce, don haka aka zaɓi saman ƙashin wuya, inda ake barin hannu a gefen jiki ko a kan ciki, majinyaci a kishingiɗe, kai a juye, kafaɗa a sauke. A wurin nan jijiyoyin sun taru waje ɗaya a gefen babbar jijiyar jini, shi ya sa allurar take kashe hannu da sauri kuma sosai, amma tsinin huhu yana kusa ƙwarai, huda shi kuma yana tara iska a ƙirji. Saboda haka masu masaukin sun daɗe suna kauce mata, baƙin kuma suka nanata cewa ko da na'ura ba a tura allura sai ana ganin tsininta, ana ganin haƙarƙari na farko a ƙarƙashinta. Sharaɗin majinyaci shi ne kada ya motsa, kuma an shaida masa idan tari ya taso masa ya ɗaga ɗaya hannun tukuna a janye allura. Sanyin hunturu ma sai da aka yi la'akari da shi, domin mai rawar ɗari ba ya tsayawa cik, sai aka lulluɓe shi da bargo aka bar wuya da kafaɗa kawai a buɗe. Allurar ƙarƙashin ƙashin wuya an taɓo ta a taƙaice, inda aka nuna cewa buɗe hannu zuwa digiri 90 yana ɗage ƙashin ya kusanto da jijiyoyin ga fata, ko da yake ana iya yin ta hannu yana ƙasa.

A allurar hammata kuwa baƙin ɗalibai suka koma. Majinyaciyar mace ce da injin markaɗe ya ji wa rauni a tafin hannu, kuma tun kafin a zo maganar jijiya sai da aka warware wasu abubuwan da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Kullin ɗankwali da tarin kitso a ƙeya suna tura kai gaba su tanƙware wuya, don haka aka kwance aka sa mata hular tiyata, aka rufe ƙirjinta da zani, maza suka ja baya, ma'aikaciyar jinyar Kano da takwararta suka tsaya a kanta. Ga maza kuma kambu da layun da ake ɗaurawa a damtse sukan faɗo daidai wurin aiki, kuma al'adar ɗakin ita ce mai su ya cire da kansa ya damƙa wa ɗan'uwansa, ba a tsinke su da almakashi. Matar ta kwanta rigingine, aka ce mata, "Inna, saki hannun gaba ɗaya, ni zan tallafe miki," aka buɗe damtsen zuwa digiri 90 daga jiki, aka lanƙwasa gwiwar hannu, aka ɗora bayan hannun a kan matashi. Malam ya hana a tura hannun ƙarƙashin ƙeya kamar yadda wasu ke yi, domin buɗewar da ta wuce kima tana danne jijiyar jinin hammata har bugunta ya dushe, alhali shi ne jagoran mai allura, tana kuma ja wa jijiyoyin ɗamewa. Wannan allura ba ta kusa da huhu, ba ta taɓa numfashi, sai dai jijiya ɗaya da ke ba da ji a gefen sangali takan rabu da sauran ta shige cikin tsoka tun daga sama, kuma a nan ne na'urar ta yi rana, domin ta nuna ta a fili aka bi ta daban.

Tsayuwar mai allura ma wani ɓangare ne na kwanciyar majinyaci. Ana so allon na'ura ya kasance a ɗaya gefen gadon, ta yadda idon ma'aikaci da hannunsa da allura da allo za su zama a layi ɗaya, a kuma daidaita tsayin gado kada ya yi aiki a duƙe, tun da wanda ke waiwaye domin kallon allo hannunsa yakan goce bai sani ba. An kuma tsaya kan haɗarin kashe hannun da ba shi ne mai ciwo ba, kuskuren da ya fi faruwa idan an juya majinyaci ko zani ya rufe alamar da aka yi masa, wanda ya sa a Ingila tun farkon shekarun 2010 aka ɗora ƙa'idar dakatawa daf da soka allura a sake tabbatar da ɓangaren. A nan harshe ɗaya ya sauƙaƙa komai, majinyaci da kansa yake nuna hannun ya faɗi da bakinsa. Shi ya sa ma ba a so a yi masa allurar kwantar da hankali mai nauyi, domin farkakke ne zai ce ya ji abu kamar lantarki ya tsarga masa yatsu, ko ya ji ƙara a kunne da ɗanɗanon ƙarfe a baki, alamun da ke nuna magani ya shiga jini. Kariyar wannan ita ce a lissafa magani da nauyin jiki, lidoken mai haɗe da adirenalin kada ya wuce miligiram 7 ga kowane kilo, bufibaken kimanin miligiram 2, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ja da baya a duba jini, ruwan kitsen da ake ceto majinyaci da shi idan hakan ta faru kuma ya kasance a kusa, ko da yake ma'aikatan ɓangarorin biyu sun yarda cewa samunsa yana wuya.

Bayan allura akan jira minti 20 zuwa 30, kuma daga nan nauyin hannun ya koma kan ma'aikata, domin hannun da ya mutu yana iya zamewa daga gado ko ya faɗo wa mai shi a fuska. A kan allon tiyata ba a buɗe shi fiye da digiri 90, ana kuma sa auduga ƙarƙashin gwiwar hannu inda wata jijiya ke kwance tsakanin fata da ƙashi. Matar nan ta ba kowa dariya da ta ce, "Lokotoro, ku sauke mini hannun nan, ya gaji da tsayi bisa," alhali hannun yana shimfiɗe ana ɗinki, abin da aka sani a fannin, domin ƙwaƙwalwa takan riƙe hoton hannu a yanayin da ta saba ko ta bar shi kafin ji ya yanke. Dattijon kafaɗa kuwa a zaune aka yi masa aiki, kuma zaman yana da nasa haɗari, tun da jini yana taruwa a ƙafafu, bugun zuciya na iya raguwa farat ɗaya, ƙarfin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa kuma ya gaza abin da ma'auni ke nunawa a damtse da kimanin maki 0.77 ga kowace santimita ta tazara, don haka aka ɗaga gadon sannu a hankali, aka ɗan lanƙwasa gwiwoyi, aka tsayar da kai daidai ba tare da karkata ba.

Ranar komawa an cika wa baƙin jaka da kilishi da cuku da busasshen zogale, Malam ya raka su har tasha ya tsaya sai da mota ta tashi, aka bi Ɗan Isa da Magama da hantsi domin a wuce Jibiya rana tsaka. Hukuncin da tawagar ta dawo da shi shi ne asibitin da ke shirin kashe miliyoyi kan na'urar sikanin ya fara tanadar gadon da kansa ke ɗagawa, da allon hannu, da siraran matasai, ya kuma koya wa ma'aikatansa kwantar da majinyaci da yi masa magana, domin na'urar ba ta gyara kafaɗar da aka bari a ɗage. Ga mai jinyar wanda za a yi wa wannan allura kuwa, ya sani ƙa'idar barin abinci na sa'o'i 6 tana nan ko da ba za a sa barci ba, tun da allurar na iya gazawa a koma ga barcin, kuma fura da kunu abinci ne. Idan an sallame shi a rataye hannun a wuya da majanyi, kada ya kwanta a kansa, kada ya kusanci kaskon wuta ko salansar babur, har sai ji da motsi sun dawo, abin da kan ɗauki sa'o'i 12 ko fiye idan bufibaken aka yi masa.